Yadda Na Tare wa Taram Hanya a Iskandariya

Tun da na dawo daga Masar, duk yammar da na zauna a bencin mai shayinmu na unguwar Nuzla sai wani ya ce, "Abu Maryam, ba mu labarin tafiyar nan mana." Na ba su na jirgin ruwa, na ba su na kwastan, na ba su na abinci, har Usmanu mai gyaran firji ya haddace yana riga ni faɗa. Amma akwai wanda nake tsallakewa kullum, kuma shi ne ainihin labarin. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi tun daga farko, don a gaban takarda ba idon da zan ji kunya in yi kwana. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da abin da aka gani.

Sunana Haruna. A nan Jidda aka haife ni, a nan aka haifi babana. Kakana ne ya taso daga Damagaram da ƙafa don aikin hajji, bai koma ba. Fasfon da ke aljihuna na ƙasar da ban taɓa takawa ba ne. Zamana a garin da aka yanke mini cibiya da iƙama ne, wato takardar izinin zama, iƙama kuwa sai da kafili, ubangidan da zai tsaya maka. Shekara goma sha tara ke nan ina tuƙi a gida ɗaya a unguwar Abhur, gidan wani dattijo da muke kira Ammi Salih. Yanzu ya tsufa, babban ɗansa Faisal ne ke riƙe da takardun gidan, har da nawa.

Ga halina, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa buge kowa da mota ba, kuma wannan ne ya kumbura mini kai. Kun san al'adarmu a nan: in babu wurin ajiye mota, sai ka tsaya a bayan ta wani, ka bar lambar wayarka a gilashi, in ya matsu ya kira ka. Kowa yana yi. Ni dai na wuce kowa. Har kati na sa aka buga mini da Larabci, "Yi haƙuri, kira wannan lamba," aka manne shi da leda don kada rana ta cinye rubutun. Da katin nan na tare ƙofar kanti, na tare ƙofar makaranta, na tare bakin lungunmu. In na zo gida cin abincin rana da motar gidan, doguwar nan mai kujera layi uku, a ƙofar maƙwabcinmu Baba Idi nake jingine ta, don a nan inuwa take. Matarsa Inna Rabi tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, a keken guragu ake fito da ita. Baba Idi zai kira, in ce, "Minti biyu, Baba." In ƙarasa tuwona, in wanke hannu, wani lokaci har in kurɓi shayi. A raina ina cewa ai na bar lamba, me kuma ake so in yi?

Tafiyar ta samo asali ne daga matar Ammi Salih. 'Yar Iskandariya ce. Shekara uku da suka wuce suka je ganin danginta, ajali ya same ta a can, a can aka binne ta. Tun da ya dawo a jirgin sama shi kaɗai, kujerar gefensa ba kowa, ya ce ba zai ƙara hawa ba. Da ya matsu da son ziyarar kabarinta sai ya ce a kai shi a mota, a tsallaka teku a jirgin ruwa.

Ana gobe za mu tashi Faisal ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba.

"Haruna, iƙamarka ta kusa ƙarewa."

"Haka ne, ya Ustaz."

"Na gaji da saƙon laifin hanya da ke shigo mini waya. Na gaji da mutanen da ke tare ni a masallaci suna cewa direbanku ya toshe mu. Motar nan da sunana za ta shiga Masar. In aka kira ni sau ɗaya, sau ɗaya tak, a kan motar nan, halas. Ka nemi wani kafilin. Baba ne kawai ya sa har yau kake nan."

Na ce in sha Allah ba za a ji komai ba. Na fito. Shekarata hamsin da biyu. Wa zai ɗauki tsohon direba? In kuma ba kafili, ina za a kai ni? Damagaram, inda ban san ƙofar kowa ba?

Muka tashi bayan asuba, muka miƙi hanyar Yanbu, teku a hagunmu. Ammi Salih ba mai yawan magana ba ne. Carbinsa yake ja, jefi-jefi ya ce, "A hankali, ya waladi, ba a kore mu ba." Muka kwana a Wajh a ɗakunan haya. Ya hana ni kwana a mota, ya ce a sa mini katifa a falo. Da safe muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, shi ne abincin gida na ƙarshe da na sa a baki har kwana goma sha biyu.

A tashar jiragen ruwa ta Duba na fara ganin Masar tun ban shige ta ba. Malaman makaranta da magina da masu aikin gona, duk za su hutu gida, kowace mota an ɗaure mata kaya a sama har sun fi ta tsawo: barguna, fanka, keken yara, tukwane. Kafin mu kai gaban layi na san sunan 'ya'yan mutum uku. A cikin jirgi na cika baki, na ce wa wani magini ni ɗan bakin teku ne, ruwa ba ya ba ni tsoro. Ba a yi nisa ba cikina ya juya. Na rungume ƙarfen gefen jirgi ina mayar da ful ɗin Wajh. Matar maginin ce ta yanka lemon tsami ta ba mijinta ya miƙo mini, shi kuwa yana bubbuga bayana yana cewa, "Sannu, ɗan bakin teku. Bakin kawai ka sani, cikin sai yau."

A Safaga muka sauka. Kwastan ɗinsu na mota sai wanda ya gani. Taga ta ɗaya ta tura ka ta huɗu, ta huɗu ta ce hatimin ta biyu fa? Wani ma'aikaci ya kwanta a ƙasa da farar takarda da fensir, ya manna takardar a jikin ƙarfen motar yana gogawa har lambar ta fito, kamar yadda yara ke yi da kwabo. Suka duba tukunyar kashe gobara, suka girgiza ta kusa da kunne. Suka ɗaura mana lambar mota tasu ta baƙi a kan tamu. Mai duba fasfo ya ce, "Daga ina?" Na ce Jidda. Ya kalli fasfon, ya kalle ni, ya ce, "Wannan bai ce haka ba." Na ce, "Shi da kakana suke magana." Ya yi dariya ya buga hatimi. Kafin mu bar tashar na sayi layin waya na Masar, na cire nawa na Saudiyya na naɗe shi a takarda na sa a walat. A riƙe wannan, za a ji amfaninsa.

Muka ɗau hanyar arewa. Jiya teku na hagu, yau yana dama, kuma shi ne dai guda. Direbobin Masar da ham ɗin mota suke gaisawa, da ham suke zagi, da ham suke godiya, sai da na yi yini guda kafin na fara rarrabewa. Muka kwana kusa da Suwais. A nan na fara cin koshari: shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa a kwano ɗaya, kamar an tattaro ragowar tukwane uku. Na raina shi da ido, na ƙare da neman ƙari. Ammi Salih ya ce marigayiya takan yi shi ranar Alhamis.

A Iskandariya gidan ƙanwar marigayiya muka sauka, hawa na huɗu a wani tsohon bene. Ni aka haɗa ni da mai gadin ginin, Am Sayyid, ɗan asalin kudancin Masar, a ɗakinsa na ƙarƙashin matakala. Gado ɗaya ne, ya rantse ni zan hau, shi ya shimfiɗa tabarma. Shayinsu baƙi ne ƙirin, sukari kuwa har cokali ya tsaya. Abin da ya fi burge ni shi ne kwandon igiya. Mace tana hawa na biyar sai ta zuro kwando ta baranda, mai burodi ko mai tumatir ya zuba mata, ta janye. Na ce da a lungunmu ne, kafin kwandon ya kai hawa na biyu an san abin da za ki dafa har unguwar Sa'alaba.

Washegari na ga abin da suke kira taram. Jirgin ƙasa ne, amma a tsakiyar titi yake tafiya, tare da motoci da tuktuk mai ƙafa uku da amalanken jaki. Rawaya ne, tarago biyu, tsatsa ta ci gefensa, yana tafe yana kaɗa ƙararrawa. Dogonsa a binne yake cikin kwalta, mota tana taka shi ta wuce. A cikin kasuwa na ga masu kayan miya sun baza tire a kan dogon. Da suka ji ƙararrawa suka janye ba tare da sun daina ciniki ba, yana wucewa suka mayar. Ni da na hau jirgin ƙasanmu mai gudu na zuwa Makka, wanda aka katange masa hanyarsa shi kaɗai, sai na tuntsire da dariya. Na ce wa Am Sayyid, "Wannan ai akuya ma ta riga shi."

Ya ce, "Yi dariyarka, ya hag. Da shi uwata ta kai ni asibiti, da shi nake zuwa karɓar magani. Amma ka ji abu ɗaya. Duk abin da ke titin nan yana iya kauce maka, ban da taram. Leƙa gurin direbansa ka gani, ba shi da sitiyari."

Na ji da kunne ɗaya.

Kwana na uku ne ranar ziyara. Kafin azahar na sauke Ammi Salih da ƙanwar matarsa a ƙofar maƙabarta. Ya ce yana so ya daɗe, in dawo bayan awa ɗaya da rabi. Da na zauna a inuwa na jira, da ba abin da zan rubuta yau. Amma Am Sayyid ya cika mini kunne da wani shagon soyayyar hanta da barkono a unguwar, kwaɗayi ya ja ni. Na sami shagon a wani matsattsen titi. Gefe da gefe duk motoci, babu inda zan sa doguwar motar nan. Tsakiyar titi kuwa fili fetal, sai layin ƙarfe biyu. Na duba gaba na duba baya, ba taram. Hannuna da kansa ya ɗauko katin ya ajiye a gilashi. Na fita na kulle.

Na ci burodi uku cike da hanta. Ina lasar yatsa aka kira salla. Na ce bari in yi azahar gaba ɗaya, ai in an matsu za a kira ni. Na shiga wani ƙaramin masallaci a lungun baya. Wayata ba ta yi ƙara ba, na ƙara natsuwa, har nafila na yi.

Da na ɓullo daga lungun sai na ga titin ya cika maƙil. Taram uku jere a bayan motata, ɗaya bayan ɗaya. Motocin da ke bayansu sun toshe har inda ido ya kai, ham kamar ana biki. Maza wajen goma sun kewaye motar suna ƙoƙarin ɗaga ta, suna "Hela! Hela!" amma ta fi ƙarfinsu. Wani ya leƙa katina ta gilashi, yana karanto lambar yana dannawa a wayarsa. A nan ne na tuna layin da ke naɗe a walat ɗina. Rabin awa mutane suna kiran lambar da ke kwance a aljihun wandona.

Na so in juya in koma masallacin. Wata mata mai ɗauke da kwanon abinci ta ga makulli a hannuna ta ƙwala ihu, "Ga shi nan! Ga mai gidan titin ya fito!"

Suka yo kaina.

"Barka da fitowa, ya basha! Mun dame ka?"

"Titin babanka ne?"

"A ƙasarku a kan dogo ake ajiye mota?"

Ɗan sandan hanya ya miƙo hannu ya karɓi lasisina da takardun motar. Ya ce motar janwe tana hanya, za a kai ta ofis, mai sunan da ke takarda shi za a nema. Na ji sunan Faisal a bakinsa yana karantawa. Wallahi a lokacin ban ga titi ba, ban ga mutane ba. 'Yata Maryam na gani, da uwarta, da ɗakinmu na Nuzla da aka haife ni a cikinsa.

Sai wani ƙaton mutum mai furfura a gashin baki ya ratso taron, yana goge hannu da tsumma. Direban taram na farko ne, na ji suna ce masa Usta Gabir, usta suke ce wa direba a can. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ga goshina da sauran danshin alwala a hannun riga.

"Salla ka je?"

Na ce e. Ban faɗi hantar ba. Manta na nan a gaban rigata, ɗigo biyu, na sa hannu na rufe.

Ya juya wurin ɗan sandan. "Ya basha, dubi lambar motar. Baƙo ne. Ɗan garin nan ko mahaukaci ne ba zai yi haka ba. Kuma dubi, har takardar ban haƙuri ya bari, bawan Allah, yana tsammani zan zagaye shi." Mutane suka fashe da dariya. "In ka jira janwe, ta ina zai shigo? Sai la'asar muna nan. Ba shi takardunsa ya matsa, ni aka ɓata wa lokaci, ni kuma na yafe."

Suka yi ta ja. Matar mai kwano, wadda ta fara tona ni, ita ce kuma ta fi kowa ɗaga murya: "Ƙyale shi mana, abincin mijina yana hucewa!" Ɗan sandan ya buga takardun a tafin hannunsa sau biyu, ya miƙo mini. Na kama hannun Usta Gabir zan sumbata, ya fizge.

"Ba ni za ka biya ba, ya usta. Zo ka gani."

Ya kai ni ƙofar taram na biyu. Wani tsoho ne zaune a kujerar bakin ƙofa, sanye da tsohuwar kwat, sandunan guragu biyu a tsakanin ƙafafunsa. Ba ya ihu, ba ya kallon kowa.

"Wannan Am Mahrus ne. Jana'iza za shi. 'Yan uwansa sun sauka sun taka da ƙafa, shi ba ƙafar. Matsar da motarka ka ɗauke shi, ka fi ni sauri."

Na ɗauke shi cak na sa a gaba. Maƙabartar da na baro ce. Na yi gudun da ban taɓa yi da Ammi Salih ba. Muna isa, mutane suna fitowa, suna karkaɗe ƙasa daga hannu. An gama.

Am Mahrus ya bi su da kallo. Can ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, "Ƙanena ne. Ni na riƙa kai shi makaranta a taram ɗin nan. Na so in zuba masa ƙasa da hannuna."

Na tallafe shi har bakin kabarin. Ya durƙusa da ƙyar, ya dafa danyar ƙasar, ya yi addu'arsa. Ni ma na ɗaga hannu, amma ban san me zan roƙa ba.

Muna fitowa muka yi kiciɓis da Ammi Salih a ƙofa, idanunsa jajur, yana mamakin ganina rungume da baƙo. Am Mahrus ne ya yi magana.

"Direbanka ne, ya hag? Allah ya yi masa albarka. Shi ya kawo ni wurin ɗan'uwana."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya kalle ni kallo ɗaya, danginsa suka karɓe shi.

Da yamma ina jin Ammi Salih a waya yana gaya wa Faisal, "Harunan da kake ƙorafi a kansa, yau wani gurgu ya ɗauka a hanya ya kai shi jana'iza, ba wanda ya sa shi." Ya sa aka sauko mini da kifi daga teburinsu. Na ci, Allah ya yafe mini, har na ce na gode. Kwana biyu ina yawo da yabon da ba nawa ba. Na ce wa kaina ai an rufa mini asiri, tona shi butulci ne. Na iya kawo wa kaina hujja, tun a Nuzla na saba.

Ana jibi za mu taso Ammi Salih ya ce a bar mota, yana so ya hau taram. Da shi suka riƙa yawo da marigayiya farkon aurensu. Na taimaka masa ya hau. Mai yankan tikiti ya tashi wani saurayi ya ba shi kujera. A ciki na ga waɗanda ban gani ba daga bayan gilashin motata: ma'aikaciyar asibiti tana gyangyaɗi, ɗalibai mata suna bitar darasi, wani da injin ɗinki a cinya. Na leƙa gurin direba. Gaskiyar Am Sayyid, ba sitiyari. Hannu ɗaya na tafiya, ɗaya na tsayawa, sai ƙararrawa.

Ba mu yi nisa ba muka tsaya cik. Wani ya bar motar ɗaukar kaya a kan dogo ya shiga shago. Direba ya yi ta kaɗa ƙararrawa. Ma'aikaciyar asibitin ta farka ta duba agogo, ta sake dubawa. Ba wanda zai iya komai. Minti biyar ne kawai, amma na ji tsawonsu a jikina.

Ammi Salih ya girgiza kai. "Dubi wannan, ba tsoron Allah. Mutum ɗaya ya tsare mutum ɗari don bukatarsa. Alhamdu lillahi da Allah ya ba ni irinka."

Na ce, "Ammi, ni na fi shi."

Na faɗa masa duka, a tsaye, ina riƙe da ƙarfen sama. Hantar, katin, layin da ke walat, taram uku, ɗan sanda. Na ce tsohon nan ba taimakonsa na yi ba, ni na hana shi binne ƙanensa. Motar kayan ta matsa, muka ci gaba. Ammi Salih yana kallon waje.

Sannan ya ce, "Na yi wa ɗana ƙarya ke nan, da bakina."

"Ni na sa ka, Ammi."

"To kai za ka gyara. Ba zan gaya masa ba, ba kuma zan roƙa maka ba. In mun koma ka faɗa masa yadda ka faɗa mini. Har hantar."

Hanyar dawowa ba ni da labarinta da yawa. Am Sayyid ya cusa mini ƙullin shayi a jaka, ya ƙi karɓar komai. An cire mana lambar baƙi a Safaga. Teku bai juya mini ciki ba wannan karon. Tun daga Duba har Jidda ina shirya magana ina rushewa.

Faisal ya saurare ni har ƙarshe, yana juya biro a hannu. Ammi Salih na zaune a gefe da carbinsa, kamar ba ya ɗakin. Da na kai wurin taram uku Faisal ya dafe kai. Da na gama ya ce, "An rubuta wani abu? An ɗauki lamba?"

"A'a."

"To da ka yi shiru, wa zai gaya mini?"

"Ba kowa."

Ya ajiye biron. "Shekara nawa kana kawo mini uzuri. Yau ne ka fara kawo mini laifi." Ya miƙo hannu. "Ba ni katin."

Na ba shi. Ya jefa a aljihun tebur ya rufe. "Gobe ka kawo fasfonka a sabunta iƙamar. Yalla, je ka ga iyalinka."

Na fito na zauna a mota na yi kuka kamar yaro. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da Usta Gabir, wanda ya tsaya wa baƙon da ya ɓata masa aiki. Ina gode wa Am Mahrus, da na cuce shi cutar da ba ta gyaruwa, ya rama da sa mini albarka. Ban san gidansa ba, ban san ko yana raye ba. Duk sallar da na yi ina sa shi da ƙanensa. Wanda ya karanta wannan ya taya ni.

Saura Baba Idi. Tun ranar da na dawo na koma ajiye mota can bakin babban titi, in tako da ƙafa cikin rana. Amma na kasa zuwa ƙofarsa. Sai in sunkuyar da kai in wuce. Rana ta huɗu ina cin abinci waya ta yi ƙara, na ga sunansa. Na miƙe tsaye da loma a hannu.

"Baba, wallahi motar ba ta ƙofarka!"

"Na sani, ɗan nan. Shi ya sa na kira. An ce ka dawo, kwana huɗu ban ga mota ba. Na ce wa Rabi, ko dai sun kore shi ne? Ta ce in kira in ji, tun jiya ta kasa sukuni."

Ban wanke hannu ba na fita. Na same shi a zaure, na durƙusa. Na ce, "Baba, gaya mini gaskiya. Minti biyun nan nawa, me suka jawo muku?"

Ya yi ta kaucewa, na nace. Ya ce sau biyu sun isa an ba wani injinta, suka dawo gida ba a yi wankin ba, ta kwana jiki a kumbure. Ya faɗa yana kallon tabarma, kamar shi ne mai laifin.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Na kira lambar, Haruna. Ita ka ce a kira."

Inna Rabi ta ɗaga murya daga ɗaki, "Wai Haruna ne? Aikin yana nan?" Na ce yana nan, Inna. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To me ka kawo mini daga Masar?"

Shayin Am Sayyid na kai mata. Na roƙi Faisal izini, ya ba ni: ranar Talata, in na sauke Ammi Salih a gida, ni nake kai ta asibiti. Ranar ce kaɗai motar ke tsayawa a ƙofar Baba Idi, kuma ina ciki, inji a kunne, ina jira su fito.